Ko Dashen Ya Kama

Talata, da yamma

Yau aka yi aikin. Leɓena na sama ya kumbura suntum, hancina kamar ba nawa ba, kuma an hana ni yawan magana, shi ya sa na ɗauko biro. Uwar yara ta ce wannan hanin shi ne alheri na farko da asibiti ya taɓa yi mata.

Haƙorana biyu na gaba, na sama, su ne babu, tun ranar nan a lambu. Watanni ke nan ina yawo da giɓi. 'Yar Baba, babbar 'yata, ita ta nemo likitar haƙori, ita ta nace, ita ta sa ni a mota ta kai ni kamar yaron da ya ƙi makaranta. Likitar ko sa'ar 'Yar Baba ba ta kai ba, amma hannunta ba ya rawa. Ta yi min allura a dasashi, ta tsaga, ta huda ƙashin da wani ɗan inji, ta murɗa ƙarfe biyu masu zare irin na noti a ciki, ta ɗinke. Zafi dai ban ji ba. Ƙarar injin na ji a tsakiyar kaina, kuma har yanzu ina jin ta.

Da ta gama ta ba ni madubi. Kawunan ƙarafan sun ɗan leƙo ta dasashi kamar kan ƙusa a jikin katako.

Ta ce, "Baba, wannan shi muke kira dashe. Ba haƙori ba ne tukuna, saiwa kawai muka sa. Sai ƙashi ya kama ƙarfen, sannan mu ɗora haƙora a kai."

Da auduga cike da baki na yi dariya har ta ce in tsaya. Tun ba a haife ta ba nake sayar da dashe a bakin titi, mangwaro da gwaba da lemo da furanni a leda, yau kuma wai ni aka yi wa. 'Yar Baba ta gaya mata sana'ata.

"To ashe abokin aiki na samu," in ji ta. "Kar ka tauna da wurin, kar ka sa harshe, kar ka yi wasa da shi. Haƙoran roba na cirewa da kake sawa ma a ajiye su, za su danne wurin. Wata uku, in Allah ya so."

Wata uku ya yi min yawa. Na so in yi ciniki, audugar ta hana ni.

Laraba, da safe

Kumburin ya hau har ƙarƙashin ido. Shayi mai sanyi, da cokali. Ban kalli madubi ba.

Alhamis, da hantsi

Uwar yara ta share ɗakin Dogo yau ma. Ina jin ta daga nan, tana jan gado, tana kakkaɓe katifar da ba wanda ya kwanta a kai.

Dogo shi ne ɗana namiji tilo. Tun ranar nan bai sake kwana a gidan nan ba, yana raɓe a ɗakin wani abokinsa a bayan tashar manyan motoci. Ni ban kore shi ba. Ina so ya zama a rubuce cewa ban kore shi ba.

Sau ɗaya muka haɗu tun lokacin, a gidan 'Yar Baba, ita ta shirya. Na sa haƙoran roba, na yi ta gwada gaisuwa a mota don kada su yi min fito. Ya shigo ya durƙusa tun daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na ce ya matso, ya matso. Na ce ya ɗago, ya fara ɗagowa. Na buɗe baki zan yi masa magana, sai abin ya sulluɓe daga dasashi ya faɗo kan darduma a tsakaninmu, da yawu a jikinsa. Ya daɗe yana kallonsa. Daga nan ya tashi ya fita, takalmansa ma a hannu ya tafi da su.

Daga baya ya ce wa yayarsa, "Yaya, ba zan iya kallon bakin Baba ba. Ki daina haɗa mu."

Shi ya sa na yarda aka huda min ƙashi. Ba don tauna ba ne, ni ayaba ma ta ishe ni. Haƙoran da ba sa faɗowa nake so, in tsaya gaban yaron nan in yi masa magana ya kalle ni.

Asabar, da rana

Ba abin rubutawa. Ciwo, magani, barci.

Litinin, da yamma

'Yar Baba ta zo da labari, ta yi ta kewaye-kewaye sai da uwarta ta ce ta faɗa kawai. Dogo ya samu aikin tuƙi a wani kamfanin manyan motoci da ke aiki a ƙetaren iyaka. Ƙarshen watan gobe za su tashi. Waɗanda suka tafi bara har yanzu ko hutu ba su zo ba.

Uwar yara ta shiga kicin ta kunna famfo. Ba na jin ta wanke komai.

Na ce, "Ke ya gaya wa?"

"Ni ya gaya wa, Baba."

"Ya ce a gaya min?"

Ta gyara mayafinta, ta ce lokacin shan maganina ya yi.

Raina ya ɓaci, kuma ban san da wa ba. Na zauna ina lissafi da yatsu kamar ɗan firamare. Ta duk inda na ɓullo wa abin, wata uku ba ya shiga cikin lokacin da ya rage.

Alhamis, da hantsi

An cire zare. Likitar ta ce wurin ya yi kyau. Ta kunna hoton ƙashina a allo tana nuna wa 'Yar Baba, sai ta tsaya a wuri ɗaya.

"Baba, ka ce faɗuwa ka yi?"

"Tiyo ya harɗe ni, na faɗa kan bakin tanki."

"Ƙashin hagu daga gefe ya tsage, shi ya sa ya fi siriri."

"Tankin ma yana da gefe."

Ta kalle ni, ta kalli 'Yar Baba, 'Yar Baba ta kalli fanka. Likitar ta ce to, ta kashe hoton.

Na ce, "'Yata, in ya kama da wuri fa? Ina da buƙatar haƙora kafin ƙarshen watan gobe."

Ta ce akwai masu ƙashin da ke saurin kamawa. In na dawo ana saura kwanaki wata ya ƙare, za ta gwada, in ta ga ya tsaya daram tana iya ɗora min na wucin gadi waɗanda ba a cirewa. Na ado ne kawai, ba na cin nama ba. Ta ƙara da cewa ba ta yi alkawari ba, har sau biyu ta faɗa. Ni dai alkawari na ji.

Asabar, da yamma

Na koma lambu. Mai Faci, maƙwabcina a bakin titi, shi ya riƙa ba shuke-shuken ruwa ina kwance, ya kusa kashe min furanni da kirki. Da ya gan ni ya ajiye tayar da ke hannunsa ya ce in buɗe ya gani.

"Har da noti? Da wurina ka zo ai da na ɗaure maka da sufana, in ƙara maka iska kyauta."

"Ka fara gyara naka, mai baki kamar tsohon mataji."

"Nawa shekaru ne suka ci. Kai kuwa wushirya ce ta yi maka faɗi."

Muka yi dariya, ni hannu a baki. Sai dariyar ta mutu da kanta. Yana nan ranar nan. Shi ya shiga tsakanina da Dogo, shi ya ɗauke shebur ɗin daga hannun yaron, har yau yana jingine a bayan shagonsa, ina hango ƙotar daga inda nake zama. Bai dawo da shi ba, ni ma ban tambaya ba. Da fartanya nake cika leda yanzu.

Akwai layin gwaba da na dasa kafin a yi min aiki. Na bi su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda na saba. Ganye maƙaryaci ne, dashe yana iya yin kore shar alhali a ƙasa bai riƙe komai ba. Mu ba ma tambayar ganye. Babban yatsa da manuniya ake sawa a gindi, a ɗan ja sama, a ɗan karkata. In ya ja da kai, ya kama. In ya biyo ka, a sake masa wuri tun da sauran ransa. Haka aka koya min, haka na koya wa duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashina.

Na gama layin, na wanke hannu a tanki, na zauna. Ban san lokacin da yatsun suka tafi bakina ba. Ƙarfen dama daram. Na hagu daram. Na ji daɗin da rabona da shi tun kafin ranar nan.

Lahadi, da safe

Na duba. Daram.

Talata, da safe

Daram. Likita wasa ta hana, ni kuma ba wasa nake yi ba. Dubawa nake yi, da wankakken hannu.

Alhamis, da yamma

Uwar yara ta kama ni a gaban madubin banɗaki.

"Malam, me hannunka yake yi a baki?"

"Dubawa nake yi."

"Ba cewa aka yi kar a taɓa ba?"

"Ita ta san ƙarfe, ni na san dashe."

"Bakinka ne ai," in ji ta. Ta rataye tawul ta fita.

Tun ranar nan haka muke, magana biyu uku sai a ajiye. Da can matar nan in ta fara musu sai na gudu lambu. Yanzu ko kaɗan ba ta musu da ni, kuma wallahi na fi son da. Wani lokaci nakan kama ta tana kallona ta gefen ido. Ban sani ba ko tausayina take ji, ko kuma tana tuna abin da na faɗa wa yaron a gaban mutane kafin ya

Ba zan rubuta wannan ba.

Litinin, da safe

Daram, duka biyun. Wata mata ta sayi lemo, ta ce in maimaita mata sunan irin, ba ta ji ba. Na rubuta mata a jikin ledar.

Asabar, da safe

Na hagu kamar ya ɗan amsa. Kamar dai. Wataƙila yatsana ne ya zame.

Asabar, da rana

Na sake dubawa. Yatsa ne.

Asabar, da yamma

Ba yatsa ba ne.

Litinin, da hantsi

Dashe in ya yi sako-sako ba a tayar da hankali. Ƙasa ake dannawa a gindinsa da babban yatsa, a matse ta ko'ina don iska ta fita, a ba shi ruwa a bar shi. Na sha ceto waɗanda suka fi wannan lalacewa. Na danna dasashin ta gaba da ta baya, na tura kan ƙarfen sama da ɗan ƙarfi, na kurkure da ruwan gishiri. Sai da hawaye ya zubo min. Na gaya wa kaina zafi alama ce ta wurin yana da rai.

Ban gaya wa kowa ba. In na gaya wa uwar yara, 'Yar Baba ta ji. In 'Yar Baba ta ji, likita ta ji.

Laraba, da yamma

Na je sayen leda. Na ce wa mai babur ya bi ta bayan tasha, wai hanyar ta fi sauƙi. Ba ta fi ba, shi ma ya sani, ya dai bi.

Na ga Dogo. Yana kwance a ƙarƙashin wata babbar mota, ƙafafunsa kawai a waje. Ko cikin ƙafafun duniya zan gane su, irin nawa ne, yatsun a baje, babban ya kauce gefe. Silifas ɗinsa ya tsinke an ɗaure da waya. Yaron da uwarsa ba ta barin ya fita da riga ba guga.

Mai babur ya ce, "Baba, a tsaya?"

Na ce a wuce. Har muka iso lambu hannuna yana kan bakina, ban ma sayo ledar ba.

Alhamis, da safe

Wurin yana zogi. Na ninka magani.

Asabar, da rana

Wani mutum ya zo sayen mangwaron aure, ina yi masa bayani yana ja da baya. Na ɗauka rowa ce. Da ya tafi Mai Faci ya zo ya zauna kan bulo kusa da ni, ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Abokina, kar ka ji haushi. Bakinka yana wari."

Na jira zolayar ta biyo baya, ba ta biyo ba.

"Ka koma wurin yarinyar nan, likitar."

"Ranar da ta ba ni ba ta yi ba."

"Taya in ta fara sacewa ba a jiran ranar kasuwa."

Na ce ya je ya kula da tayoyinsa. Ya tafi, bai yi fushi ba, kuma wannan ya fi ba ni haushi. Abin da bai gane ba shi ne in na je yanzu za ta ce a'a. In na jira ƙila ya gyaru.

Na duba bayan ya tafi. Yanzu ba sai na ja ba, harshe ma yana motsa shi.

Lahadi, da safe

Mugunya a jikin rigar matashi. Na cire na wanke kafin uwar yara ta gani. Tsoro nake ji.

Talata, da yamma

Ta gani ashe. 'Yar Baba ta zo tun da safe, ba ta ko zauna ba, ta ce in sa takalmi.

Likitar ta sa safar hannu, ta ɗaga leɓena. Ta yi min allura, amma da ba ta yi ba ma duk ɗaya. Ta kama na hagu da hantsaki ta ɗan juya, ya biyo ta. Ta ajiye shi a faranti, na ji 'yar ƙararsa.

"Baba, ka taɓa shi?"

"Na duba shi."

"Yaya kake dubawa?"

Na karɓi biron da ke aljihunta na nuna mata. Babban yatsa da manuniya, a ɗan ja, a ɗan karkata.

"Tun yaushe?"

"Tun bayan cire zare. Kullum da safe. Daga baya har da rana."

'Yar Baba ta yi salati a hankali ta juya wa bango fuska. Likitar ta jawo kujera ta zauna kusa da kaina.

"Laifina ne da na ce maka dashe na tsaya a nan. Baba, ƙarfe ba ya fitar da saiwa. Ƙashin ne yake tahowa wurinsa a hankali, siriri kamar saƙar gizo-gizo, ya manne masa. Duk motsi ɗaya yana tsinka abin da ya saƙa jiya. In aka yi ta tsinkawa sai jiki ya gaji, ya naɗe ƙarfen da nama, shi ke nan ba zai ƙara kamawa ba."

"Ke ma ai kin ce za ki gwada."

"Sau ɗaya, Baba, bayan ya yi ƙwari."

Ta ƙara da cewa ƙashin hagu dama siriri ne, ƙila ko ban taɓa ba da bai kama ba. Na san irin wannan maganar. Ita nake gaya wa mai saye in ya kashe lemo da yawan ruwa, in ce masa ƙila irin ne ba shi da kyau.

Ta kankare ramin ta wanke. Ta ce sai ya warke za ta cika shi da garin ƙashi, a jira, sannan a sake sa wani ƙarfen, a sake jira. Ya kusa shekara ke nan. Na dama ma ba ta yarda da shi ba, ta cire murfinsa ta rufe shi da dasashi ta ɗinke, yadda ba zan kai gare shi ba. Haƙoran roba kuma sai ciwon ya warke.

Na ce, "Ƙarshen wata fa?"

Ta ce, "Ka yi haƙuri, Baba."

A hanyar gida 'Yar Baba ce take tuƙi. A wurin danja ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Baba, me ya sa ba ka iya barin abu ya zauna lafiya? Haka ka yi ta yi wa Dogo. Kullum sai ka ja shi ka ga ko zai..."

"Ƙarasa."

"Ba komai, Baba."

Danja ta ba da hannu, muka wuce.

Laraba

Ban fita ba.

Alhamis, da rana

Ban fita ba. Harshena yana ta zuwa ramin. Ya je, yanzu ba abin da zai ɓata.

Juma'a, da yamma

Yarinyar da na koya wa riƙe cokali ita ce yanzu take karanta min halina a wurin danja. Raina yana ta tafasa tun Talata. Ni na san ban taɓa nufin yaron nan da sharri ba. Uba ne ni, lambun nan shi zan bar wa. In na ba shi kuɗin ciniki na ƙirga a gabansa, in ya ce ya je wuri na aika a duba, in ya yi aiki mai kyau na ce da saura, duk don in san ko ya tsaya da ƙafafunsa ne. In ba ka ja ba ta yaya za ka sani?

Na rubuta wannan tambayar na daɗe ina kallonta. Ba ta yi min daɗin karantawa ba.

Litinin, da yamma

Uwar yara ta haɗa wa Dogo kaya, bargo da rigar sanyi da sababbin takalma, ta ɗauka da kanta ta kai masa. Ba ta nemi izinina ba, ta dai ce ta tafi. Na zauna a tsakar gida har ta dawo.

"Ya tambaye ni?"

"Ya ce yaya jikin Baba."

"Kin gaya masa?"

"Na ce an yi dashe bai kama ba."

"Kin gaya masa abin da ya sa?"

"A'a."

"To ai zai ɗauka..."

"Ya riga ya ɗauka. Ya ce shi ya lalata ƙashin, har ƙarfe ma ya ƙi zama. Ya ce gara da zai tafi."

Na ɗaga murya, abin da na daɗe ban yi ba, kalmomin suna fita da fito da yawu. Na ce me ya hana ta gaya masa ni ne. Ta tsaya har na gama.

"Ba ni na ja ba, Malam, ba ni zan faɗa ba."

Ta shiga ɗaki. Yaron nan zai ketare iyaka ɗauke da nasa laifin da nawa a haɗe, ni kuma ko shayi na kasa sha.

Alhamis, da yamma

Asabar za su tashi, da hantsi. 'Yar Baba ta kawo takunkumi irin na asibiti ta ajiye a kan tebur. Ta ce, "Ko za ka je, Baba." Ba ta ba ni haƙuri kan maganar mota ba, ni ma ban nema ba.

Juma'a, da safe

Ba zan je ba. Da wannan bakin ba zan je ba.

Asabar, da yamma

Na je.

Motocin suna jere, duk an tayar da inji, hayaƙi da warin gas sun cika tashar. Na sa takunkumin tun daga gida. Na same shi a saman wata mota yana ɗaure tamfol. Da ya gan ni igiyar ta kuɓuce masa. Ya sauko ya durƙusa a cikin baƙin mai, kansa a ƙasa.

"Baba, ina kwana."

"Tashi."

Ya tashi. Ya fi ni tsawo nesa, amma takalmana yake kallo.

Na ce masa uwarsa ta gaya min abin da ya ce, kuma ba haka ba ne. Ga takunkumi, ga giɓi, ga ƙarar inji, ko ni ban ji abin da na faɗa ba.

Ya ce, "Na'am?"

Na sake faɗa. Ya ɗan karkato kunne, ya sake cewa na'am. Sai na fizge takunkumin na jefar.

"Na ce ba kai ka hana ƙarfen zama ba. Ni ne. Na yi ta jan sa da yatsa kamar gwaba har na kashe shi. Likitar tana nan, yayarka ma shaida ce."

Bai ɗago ba. Na ɗaga leɓena da yatsa.

"Haƙoran da suka zube, kai ne. Wannan ramin kuma ni ne. Kalli."

"Baba, don Allah rufe."

"Ba zan rufe ba."

"Mutane suna kallo."

"Su kalla. Kai nake so ka kalla."

Ya ɗago. A hankali, daga ƙirjina zuwa haɓata, sannan ya kai wurin. Akwai ɗinki, akwai ramin da bai gama rufewa ba, na san ba abin kallo ba ne. Ya kalla, ya daɗe.

"Yana ciwo?"

"Yana yi."

Babban direban ya danna oda ya kira shi. Dogo ya juya. Ya goge fuska da bayan hannu ya bar baƙin mai a kumatunsa, ya kama ƙarfen ƙofa ya hau.

Ban rufe ba. Na tsaya a tsakiyar tasha, tsoho da leɓe a ɗage, yawu yana bin haɓata, 'yan kamasho suna kewaye ni, wani yana cewa a janye mahaukacin nan daga hanya. Motar ta yi baya, ta juya, ta nufi ƙofa. Shi ne a gefen taga. Ya fito da kansa waje yana kallona, bai kawar da ido ba har bangon tasha ya shiga tsakaninmu.

Da na dawo uwar yara tana tsaye a ƙofar gida da mayafi a hannu.

"Ya kalle ka?"

"Ya kalla."

"Zai dawo?"

Na ce ban tambaye shi ba. Ta ce ga lambarsa tana da ita, in kira kafin su yi nisa. Na ce ta bar shi.